Hoto a Kan Hoto

Har yau in warin ruwan khal ya bugi hancina, ko da daga madafa ya taso, sai in ji ni cikin ɗakin wanke hoto, an ja ƙyaure an kunna jan ƙwan lantarki. Wari ne tsami-tsami mai kama maƙogwaro, ga zufar mutum biyu a ɗakin da tabarma biyu za su cika shi. Shagon yana cikin wani lungu da ke ɓullewa Titin Emir Yahaya. Mai shi Bayarabe ne ɗan Ogbomosho, ya daɗe a Sakkwato har bakinsa ya koma na 'yan gari, kuma babu mai kiransa da wani suna sai Baba mai hoto. Mahaifina ya damƙa ni a hannunsa a 1976, shekarar da aka raba Jihar Arewa maso Yamma aka fitar da Jihar Sakkwato. Sai da ya yi ta jan ƙafa kafin ya yarda, don ba duk dattawan wancan lokaci ke yi wa sana'ar hoto kallon arziki ba. Hoton fasfo ne ya sassauto da shi: tunda maniyyaci ba ya hawa jirgin Makka sai da shi, to mai ɗaukarsa ma yana da nasa rabon.

Lokacin kuɗin ƙarin albashi na Udoji bai gama narkewa a hannun ma'aikata ba. Wanda ya sayi babur sai ya turo shi har cikin shago a ɗauke su tare. Wanda rediyo ya saya ya ɗora ta a cinya, ya janye hannun riga don agogo ya fito. Ranar Sallah kuwa ba ma ganin abinci sai bayan la'asar. Ana jiyo tambura da algaita daga wajen Kanwuri, inda jama'a ke kai gaisuwa ga Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, mu kuma muna fama da layin yara, kowane da ƙamshin sabon yadi, kwalli ya zazzago masa har kumatu. Baba yana sunkuye kan Yashica ɗinsa mai ido biyu, wadda ta sama ake leƙa ta, fim ɗaya hoto 12, yana ta faɗin, "Tsaya cik, ɗiyata, kak ki motsa."

Aikina na farko ɗauko ƙanƙara ne. Ruwan wanke fim sanyi yake so, wajen digiri 20, garinmu kuwa a watan Afrilu zafi kan haura 40, sai an jera tiren magani cikin ruwan ƙanƙara kafin a taɓa fim. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. Ƙwaya ɗaya ta zauna kan dodon hoto, sai ta fito farin tabo a goshin mutum, Baba ya zauna da siririn buroshi yana ɗige ta da tawada har ta ɓace.

Abin da ya fara shiga raina a aikin shi ne yadda Baba ke wasa da hannunsa cikin haske. Matsalar hoton mutanenmu ɗaya ce: fuska baƙa, rawani da babbar riga fari fat, ga ranar Sakkwato. In ka ba takarda hasken da zai fito da aikin aska takwas a ƙirjin riga, fuska ta nutse cikin duhu. In ka bi fuska, riga ta zama fili babu zare ko ɗaya. Baba zai saka dodon hoto cikin na'urar faɗaɗawa, ya shimfiɗa takarda a ƙasa, ya ɗauki wata siririyar waya da aka liƙa wa ɗan kwali mai girman kwabo a baki. Da ya kunna haske sai ya riƙa kaɗa kwalin a saman fuskar, yana ƙirge a hankali cikin Yarabanci, don fuskar ta sami haske kaɗan ta fito sarai. Daga nan ya dunƙule tafukansa biyu ya bar 'yar kafa tsakaninsu, ya zuba wa rigar ƙarin haske ita kaɗai. Takardar tana nan fara, ba ka ganin komai. Sai an tsoma ta cikin tiren farko ana rausaya shi, idanu su fara tasowa, sai gemu, sai aikin rigar zare bayan zare. Na ga wannan abu ya fi a ƙirga, kuma bai taɓa zame mini abin banza ba.

Daga nan ne ya koya mini haɗa hoto biyu a takarda ɗaya. Alhazai da suka dawo suna son a ga fuskarsu a sama, masallaci a ƙasa. Muna da dodon hoton Masallacin Shehu da Baba ya ɗauka cikin hazo, sararin sama fari tas. Shi kuma alhaji a gaban farin ƙyalle za a ɗauke shi. A fara haska masallacin a kan takarda, a cire, a sa na alhaji a haska a kan takardar nan dai. Inda hoto ɗaya yake fari, bai taɓa takarda ba, ya bar wa ɗan'uwansa wuri. Inda duhu ya hau duhu, sai ya ƙara duhu. Baba ya taɓa kai ni marina ya nuna mini zane ana tsoma shi a baba ana ɗagawa. Ya ce, "Ka gani, yaro? Kowace tsomawa ƙara baƙi takai. Ba wanda ka tsoma zane shi fito da shi ya hi da haske." Haka takardar hoto take, abin da haske ya taɓa ya taɓu.

A cikin kyamara kuma abin juyawa yake yi. Irin Yashica ɗin Baba tana barin ka ɗana ta ka sake ɗauka ba tare da ka murɗa fim gaba ba. Nan baƙin ƙyalle ake ratayawa, don baƙi ba ya aika wa fim komai. Mutum ya tsaya a dama a ɗauka, ya koma hagu a sake ɗauka a gurbin nan, sai ga shi su biyu, yana miƙa wa kansa hannu. Samari sun so wannan ƙwarai. Wani mai gyaran keke ya sa aka yi masa yana zaune da rawani a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma ya durƙusa yana gaishe da kansa, aka rataye a rumfarsa shekara da shekaru, duk wanda ya zo faci sai ya yi dariya kafin ya biya. Wata rana da muke shanya irin waɗannan hotuna Baba ya yi shiru, can ya ce a garinsu ba don wasa aka fara yin wannan ba. In tagwaye suka rasa ɗaya, uwar kan kawo mai ran a fitar da shi sau biyu a hoto ɗaya, don ta riƙa ganinsu tare. Bai ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Abin da nake so a lura da shi, babu wanda aka yaudara. Mai hoton ya san haɗi ne, maƙwabcinsa ya sani, kuma gefen haɗin ma yakan nuna ga mai ido. Buri ne mutum ya biya kuɗi aka zana masa da haske. Kuma Baba yana da iyaka. Wani dattijo ya zo ziyara Hubbare daga wajen Wurno, ya biyo shagonmu ya ce a haɗa shi da Shehu a hoto ɗaya, ko nawa ne zai biya. Baba ya ba shi kujera da ruwan randa, ya ce masa Shehu Usmanu ya yi wafati tun ba a ƙago kyamara ba, don haka ba shi da abin da zai haɗa shi da shi. Gaskiya ya faɗa: Shehu ya rasu a 1817, Sarkin Musulmi Bello a 1837, sai a 1839 aka bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto a Faransa. Dattijon ya gamsu da a ɗora shi a ƙofar Hubbare, ya tafi yana sa albarka.

Launi kuwa da hannu muke sa shi. Baba yana da 'yan kwalabe na ruwan launi marar kauri, wanda ba ya rufe abin da ke ƙasa. Ja a dara, kore a darduma, ɗigon rawaya a haƙorin Makka na hajiya, wadda in ba a sa ba sai ta dawo da hoton. Inuwa da haske na hoton ne, launi kaɗai ne namu.

Sai hoto mai kala ya shigo, muka koma masu tara fim a aika Kaduna ko Kano a wanko. Ɗakin duhu ya fara zama ma'ajiyar kwalaye. Baba ya koma garinsu a 1988, shekarar da Sarkin Musulmi Abubakar ya rasu bayan shekara 50 a gadon sarauta, ya bar mini na'urar faɗaɗawa da wayar nan mai kwali. Na ci gaba da hoton fasfo da na biki har wayar salula ta shigo a 2001, shagunan kwamfuta suka fara tsirowa a Titin Ahmadu Bello da wajen babbar kasuwa, ana buga kalanda da sitikar aure, amarya a tsakiyar fure, fuskarta kuma ta sake bayyana dishi-dishi cikin gajimare.

Ɗan ƙanena ne ya zaunar da ni gaban Photoshop. Ya ce, "Baffa, nan komai leya-leya ne." Wato falle-fallen hoto ne ake jerawa, wani a kan wani, kowane da kansa, kana iya ɗaga ɗaya ka mayar ba ka taɓa sauran ba. Wasu 'yan'uwa biyu ne a Amurka, Thomas Knoll da John Knoll, suka ƙirƙiro manhajar, kamfanin Adobe ya fitar da ita a 1990, aka ƙara mata wannan jeri na falle a 1994. Shi John ɗin ma'aikacin haɗa siddabarun fina-finai ne, kuma daga masana'antar fim lissafin ya fito: a 1984 Thomas Porter da Tom Duff na kamfanin Lucasfilm suka tsara ƙa'idar yadda hoto zai hau kan hoto a kwamfuta. A saman jerin akwai wani ɗan akwati, in ka taɓa shi sai salon gauraya fiye da ashirin su zubo. Yaron yana ta latsa su ɗaya bayan ɗaya yana duban wanda zai yi kyau. Da ya zo kan wani, na ga farin da ke bayan mutum ya ɓace, duhu ya hau duhu. Na ce tsaya. Wannan na san shi.

Daga baya na bi diddigin lissafin, na tarar ba shi da wuya. Hoto a kwamfuta ɗigo-ɗigo ne, kowane ɗigo lamba uku ke riƙe da shi, ta ja da ta kore da ta shuɗi, kowace daga 0 zuwa 255. Sifili duhu ne, 255 cikakken haske. Salon gauraya umurni ne kawai: in ɗigon sama ya haɗu da na ƙasa, ga lissafin da za a yi musu. A salon yau da kullum na sama ke rufe na ƙasa, sai dai in ka rage masa kauri. Ka sa shi kashi 30 cikin 100, kwamfuta ta ɗebi 30 daga sama, 70 daga ƙasa. Fuskar amarya cikin gajimare ke nan, kuma da shi ne ake fito da aljani ana hango bango ta jikinsa a finafinan Hausa na bidiyo, waɗanda kasuwarsu ta faro da Turmin Danya a Kano a 1990.

Wanda na gane ɗin nan shi ne salon ninkawa, yaran shago na ce masa moltifulai. Ana ɗaukar fari a matsayin ɗaya, baƙi sifili, abin da ke tsakani ɓangare. Rabi sau rabi rubu'i ne, shi ya sa toka-toka mai 128 in ta hau wata mai 128 ake samun 64, duhu ya ƙaru. Komai sau ɗaya yana nan yadda yake, don haka fari ba ya yin komai. Komai sau sifili sifili ne, baƙi ya cinye duk abin da ya tarar. Takardar Baba ce sak. Aikin da na fi jin daɗinsa da wannan salo na wani malami ne daga Gidadawa, da ya kawo wata 'yar takarda da mahaifinsa ya rubuta masa addu'a da ajami, ya ce yana son rubutun a kan hoton marigayin. Muka ɗauki takardar, muka haskaka ta har ta yi fari, muka ɗora da ninkawa. Takarda ta ɓace, tawadar ta zauna a kan farar rigar tsohon, har inda alƙalami ya ɗan yi tsartuwa. Malamin ya daɗe yana kallo kafin ya tambayi kuɗin.

Kishiyar salon ninkawa shi ne sikirin. Shi yana juya lambobin biyu, ya ninka su, ya sake juyo da amsar, sai 128 da 128 su ba da kusan 192. Kullum haske yake ƙarawa, kuma baƙi ne ba ya yin komai a wurinsa. Baƙin ƙyallenmu ke nan. Yawancin wuta da hayaƙi da walƙiya da taurarin da kuke gani suna yawo a bidiyon biki, a kan baƙin fili aka ɗauko su, aka ɗora da sikirin, baƙin ya tafi, hasken ya tsaya. A bidiyo lissafin ɗaya ne, sai dai ana maimaita shi a kowane hoto, sau 25 ko 30 cikin daƙiƙa guda. Akwai ɗan'uwansa da ke tara lambobin kai tsaye, shi kuma da wuri yake kai wa 255 ya ƙone wuri ya bar shi fari, sai mai hannu da sauƙi.

Salon obalei yana haɗa biyun. Yana duban fallen ƙasa: inda ya gaza rabi ya ninka, inda ya haura rabi ya yi sikirin, toka-toka ta tsakiya kuma ta wuce ba a gan ta ba. Ka ɗora hoto a kan kansa da shi, sai aikin rigar da ya dushe ya miƙe tsaye. Akwai salon launi, wanda ke ɗaukar launi daga sama ya bar haske da inuwa na ƙasa, kwalaben Baba ke nan ba tare da buroshi ba. Har kaɗa kwali da dunƙule tafi suna nan, ga 'yar alamar waya mai kwali da ta hannu a gefen allo, yara suna taɓa su kullum ba su san hoton mene ne ba. Akwai kuma wanda ba mu da irinsa a ɗakin duhu, salon bambanci, wanda ke ɗebe ƙaramar lamba daga babba. Hoto biyu in iri ɗaya ne sai allo ya yi baƙi ƙirin, in an taɓa wani wuri kuwa, wurin kaɗai zai haska. Da Baba ya gan shi da ya so shi.

Ba na cikin masu cewa na da ya fi na yanzu a komai. Maganin wanke hoto ya ci mana farce, ƙanƙara ta ci mana riba, takarda in ta lalace ta lalace. Yau jikana yana kwance a tabarma yana yi a wayarsa, da PicsArt ko CapCut, abin da kan ɗauke mu yini guda, in bai yi masa ba ya koma baya da taɓawa ɗaya. In na leƙa sai ya ce, "Tsoho, wannan ba na zamaninku ba ne." In ce, "Abokina, sa baƙi a bayan wutar nan ka ga," ya gwada ya yi shiru, can ya ce sa'a ce. Ina jin daɗin wannan zama.

Abin da ke ɗan sosa mini rai guda biyu ne. Na farko fuska. Baba yana kaɗa kwali ne don mutum ya fito yadda danginsa suka san shi. Yanzu ana ɗora amarya a kan kanta da sikirin sau biyu, sau uku, har kakarta ta karɓi kalanda ta tambaya ɗiyar wa ce. Baƙar fatar nan tamu mai sheƙi tana da kyau a hoto in an san yadda za a ba ta haske, kuma na'urar yau ta fi tamu iya hakan nesa ba kusa ba. Na biyu yarda. Da, hoto shaida ne, na haɗi kuma an san na haɗi ne. Yanzu bakin haɗin ba ya nunawa, har akwai hotunan da ke yawo a waya ana cewa na Shehu ne, mutanen kirki suna turawa da kyakkyawar niyya. Wanda aka tura wa ya tuna da 1817 da 1839, ya gaya wa mai turowa cikin ladabi.

Na'urar faɗaɗawar tana nan a ɗakina, an daina samun takardarta a gari tuntuni. Hotunan da muka wanke da ita kuwa suna nan a gidaje da yawa, daga Rijiyar Ɗorowa har Mabera, a ƙasan adaka ko bayan madubi, kuma gara da damshin damina ba sa jira. In akwai su a gidanku, ku fito da su a kai shago a shigar da su kwamfuta. Ku ce wa yaron ya bar fallen ƙasa yadda yake, duk gyaran da zai yi ya yi shi a falle na sama, ya ba ku na asali da na gyara. Sannan ku zauna da tsofaffin gida ku rubuta sunan kowa da shekara a bayan takardar, da fensir, tun masu gane fuskokin suna nan.